Wayar Ƙasa

Batir na uku ke nan cikin shekara guda.
Na sayo shi a Sinnar da kuɗin albasa,
ya yi kwana tara yana ƙyalli kamar ango.
Daren na goma, tsakanin gonakin ayaba da Mai Wurno,
fitila ta yi ja kamar garwashin mai jabana,
ta lumshe.
Na turo babur har gida, karnuka na yi mini rakiya.

Babur ɗin ya girme ni da damina huɗu.
Baba Tanimu ya hau shi yana bin rugage
da akwatin allurar shanu ɗaure a baya,
har sirdi ya lotsa daidai zamansa.
Yanzu ni ke zama a ramin da ya bari,
kuma har yau bai yi mini daidai ba.

Maƙwabci ya ce batiran zamani jabu ne.
Zulai ta ce in sayar, in nemi raksha kamar kowa.
Usta Maikano, ƙarƙashin darbejiyarsa,
bai tanka ba sai da ya ga gindin kofin shayi.
"Batir randa ce," in ji shi.
"In ka tarar da ita a bushe,
kada ka zagi wanda ya gina ta.
Tambayi rijiya. Tambayi hanya."

Ya ɗora mita: shida ba kaɗan.
Na buga kik, na murɗa mai har tsuntsaye suka watse,
allura ta tsaya cik
kamar jakin da ya hango gada.
"Da ana zuba mata, da ta haura bakwai."

Muka jiƙa kanwa, muka wanke kawunan batir,
farin gishirin nan ya yi kumfa, ya sauka.
Fis lafiya lau.
Muka buɗe dinamo,
ƙurar shekara arba'in ta zubo mini a tafin hannu,
burushi ya ci, amma da sauransa.
Usta ya jona ƙwan fitila kai tsaye,
ya kama, tar!
"To, rijiya da ruwa."

Sai ɗan akwatin da ke raba wuta,
wanda Usta ke kira mai gadin madatsa.
Ya goge masa haƙora da sanfefa,
ya busa, ya mayar.
Allura ko gezau.

La'asar ta yi. Muka yi salla da baƙin mai a farce.
Na soma lissafin kuɗin raksha a zuci.

Da muka dawo ya ce, "Ɗaga sirdi.
Wuta ba ta tafiya sai ta san hanyar komawa."
Can ƙasa, inda waya ke kama jikin ƙarfe,
ga wani ƙyalle a naɗe, ƙulli biyu da ɗan zarge.
Na san ƙullin nan.
Da shi Baba ke ɗaure bakin buhu,
da shi ya ɗaure mini laya ina ƙarami.
Gefen rawaninsa ne, ya yaga wata rana a daji,
ya yi gyaran kwana ɗaya
da ya kai shekara ashirin.
Ƙyallen ya sha raɓa, ya shayar da ƙarfe,
tsatsa ta cinye noti,
sili biyu kacal suka rage a wayar.

Usta ya miƙa almakashi.
Na ce a'a, na kwance da haƙori da farce.

Sabuwar waya, ƙarfe a kankare har ya yi fari.
Kik ɗaya.
Allura ta yi miƙa, ta taka, ta taka,
ta wuce bakwai da ɗan ɗigo.
Usta ya karɓi kuɗin waya kawai, ya ce sauran na shayi ne, wata rana.

Na biyo bakin Bahar bayan isha,
fitila na tsinto mini ramuka tun daga nesa,
ƙwari na faɗa wa hasken.
Ƙyallen na cikin aljihun gaba,
yana bar mini jan tabo a farar jallabiya.
Zulai za ta yi magana.